Kafin a Saya wa Tsohuwar Kwamfuta Katin Hoto

Bankuna da manyan kamfanoni da ofisoshin gwamnati na Turai da Amurka ba sa jiran kwamfuta ta mutu kafin su sauya ta. Bayan 'yan shekaru sai a kwashe su baki ɗaya a kawo sababbi, tsofaffin kuwa su shiga hannun dillalai. Da yawa daga cikinsu ta Legas suke shigowa, su sauka a Computer Village da ke Ikeja, daga nan su bazu zuwa Banex a Abuja da titin Beirut a Kano da shagunan garuruwa da dama. Duk wanda ya saba shiga shagon buga takardu ko ɗakin koyar da kwamfuta ya san su ko da bai riƙe sunayensu ba: Dell OptiPlex 7010 da 9020, HP EliteDesk 800 G1, Lenovo ThinkCentre M93p. Baƙaƙen akwatuna ne masu nauyi, an ƙera su wajajen 2012 zuwa 2014, kuma har yau suna aiki ba ji ba gani.

Wajen rubuta wasiƙa, cike fom a intanet ko lissafin shago, ba su da abin kushewa. Matsalar tana farawa ne ranar da mai su ya so ƙarin wani abu. Mai ɗaukar bidiyon biki ya zuba hotunan da ya ɗauko domin ya tace, sai bidiyon ya riƙa tsayawa yana tafiya. Ɗalibin zanen gine-gine ya buɗe gidan da ya zana ya so ya juya shi ya ga bayansa, sai allo ya daskare. Matashi ya sa GTA V ko eFootball, 'yan wasa na motsi da ƙyar. A nan ne ake cewa kwamfutar ta tsufa, a sayar. Sau da yawa kuwa ba tsufa ba ne, wani sashe ne guda da tun asali ba a sa mata ba, saboda ma'aikacin ofis ba ya bukatarsa.

Wannan sashe shi ne katin hoto. Allo ne ɗan madaidaici mai tasa ƙwaƙwalwar lissafi, nasa ma'ajin wucin gadi da tasa fanka, aikinsa kuma shi ne zana duk abin da ido ke gani a monita. Aikin ba ƙarami ba ne. Monita mai faɗin 1920 da tsayin 1080 tana da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma idan ana son motsi ya tafi sumul, sai an sake lissafa launin kowane ɗigo sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Furosesa, wato babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin Core i5 ɗin da ke cikin waɗannan injuna, ma'aikata huɗu gare ta, ƙwararru masu iya kowane irin lissafi. Katin hoto kuwa aikin gayya yake yi: ɗaruruwan ƙananan ma'aikata, kowa ya kama kunyarsa, a tashi gona a lokaci guda. GeForce GTX 1050 Ti na da irin waɗannan ma'aikata 768, GTX 1650 na da 896.

Kwamfutar ofis da ba ta da kati tana dogara ne da wani ɗan sashe da Intel ta cusa a cikin furosesa. A Core i5-3470 sunansa HD Graphics 2500, a i5-4570 kuma HD Graphics 4600. Ba shi da ma'aji nasa na kansa, daga RAM ɗin kwamfutar yake gutsura. Akwai kuma wani abu da masu tace bidiyo ke fama da shi ba su san dalili ba. Wayoyin zamani da kyamarori da yawa suna ajiye bidiyo a tsarin H.265, iPhone ma tun 2017 ta koma kansa. Waɗannan tsofaffin furosesoshi an yi su ne kafin tsarin ya yaɗu, ba su da cikakken sashen warware shi, don haka da ƙarfin tsiya suke yin aikin. Kati irin GTX 1050 Ti yana da sashe na musamman da ke karanta H.265, da wani mai suna NVENC da ke fitar da bidiyo idan an gama tacewa. Shi ya sa wanda ke aiki da Premiere Pro ko DaVinci Resolve yakan ga bambanci tun ranar farko.

Labari mai daɗi shi ne gurbin da ake soka katin bai canza siffa ba tun kusan 2004, lokacin da PCI Express ya fara maye tsohon gurbin AGP. An yi ta fitar da sababbin zubi, na 2.0 a 2007, na 3.0 a 2010, na 4.0 a 2017, kowanne ya ninka na baya sauri, amma duk suna karɓar juna. Katin da aka ƙera a bara zai shiga gurbin kwamfutar 2012 ya zauna daram, sai dai ya yi tafiya daidai da saurin da gurbin ke iya bayarwa. Ga matsakaitan katuna, wannan ragi bai taka kara ya karya ba.

Shigar kati cikin gurbi kuwa ba ita ce ƙarshen magana ba, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Mutum ya je kasuwa ya tambayi wane kati ne ya fi ƙarfi, ya biya, ya dawo gida, sannan ya buɗe akwatin kwamfutarsa a karon farko. Da ya fara da buɗe akwatin, da ya huta.

Abu na farko da zai gani shi ne wuri. Kamfanonin nan kan fitar da samfuri ɗaya a jiki iri-iri. Akwai doguwar hasumiya, wadda Dell ke wa laƙabi da MT, akwai siririya mai suna SFF da ake kwantarwa a ƙarƙashin monita, akwai kuma 'yar mitsitsiya da ba ta da gurbin kati kwata-kwata. Siririyar ba ta karɓar kati mai cikakken tsayi, sai gajere, kuma dole ya zo da gajeren ƙarfen da ake ɗaure shi da shi a bayan akwati. Mai sayen katin hannu ya tabbata an haɗa masa da wannan ƙarfe, domin sau da yawa ya ɓace tun a hannun mai shi na farko. A wasu siraran OptiPlex ma, babban gurbin mai launin shuɗi yana manne da akwatin wuta, ta yadda kati mai kaurin gurbi biyu ba zai samu wurin zama ba. Doguwar hasumiya ta fi sauƙin kai, amma ita ma ragar da ake ɗaure faifan ajiya kan tare wa dogon kati hanya. Tef ɗin awo na tela ya isa ya raba gardama: a auna daga bayan akwati zuwa abin da ya fara tarewa, a gwada da tsawon katin da kamfaninsa ya rubuta.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne wuta. Akwatin wutar kwamfuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, yana da takarda manne a jikinsa da ke nuna iyakar wat ɗin da zai iya bayarwa. A OptiPlex 7010 siririya wat 240 ne, a doguwar 275, a doguwar 9020 kuma 290. An auna su ne daidai da aikin ofis. Gurbin PCI Express da kansa yana iya ba kati har wat 75. Duk katin da ke cin fiye da haka sai an jona masa ƙarin waya kai tsaye daga fawa-fak, mai baki 6 da ke ƙara wat 75 ko mai baki 8 da ke ƙara 150. Galibin kwamfutocin ofis ba su da wannan waya ko ɗaya.

Radeon RX 580 misali ne mai kyau, domin ya cika kasuwar hannu kuma farashinsa na jan hankali. Kati ne mai ƙarfi na 2017, amma shi kaɗai yana cin wat 185, kuma AMD ta ba da shawarar a haɗa shi da fawa-fak mai wat 500. Wanda ya kawo shi ga akwati mai wat 240 ya sayi abin da ba zai kunnu ba. Wasu masu gyara kan yi dabara, su kawo 'yar wayar da ke ɗebo wuta daga bakin SATA, wanda aka yi domin faifan ajiya, su jona wa katin. Wannan dabara abin gudu ce. Bakin SATA ba a yi shi don ɗaukar irin wannan nauyi ba, wat hamsin da 'yan kai ne iyakarsa, kuma idan aka matsa masa yakan yi zafi har robar ta narke. Kwamfuta na iya kunnuwa lafiya a gaban mai gyara, ta yi mako tana aiki, sannan wata rana ana tsakiyar fitar da bidiyo a ji ƙauri.

To, a sauya fawa-fak ɗin mana? A wasu injunan abu ne mai sauƙi. Doguwar 7010 tana amfani da mahaɗi mai baki 24 irin na kowa da kowa, don haka fawa-fak na kasuwa zai shiga. Amma daga 3020, 7020 da 9020, Dell ta koma wani mahaɗi nata na kanta mai baki 8, HP ma tana da nata a EliteDesk. Sai an nemo wayar da ke fassara tsakani, a siririyar kuma ko an samu wayar, babu wurin da babban fawa-fak zai zauna. Ana iya yi, ana kuma yi, amma idan aka tara kuɗin kati da na fawa-fak mai inganci da na waya, lissafin kan kusanci kuɗin wata kwamfutar da ta fi wannan ƙuruciya.

Saboda haka hanya mafi aminci ga mai irin wannan inji ita ce katin da gurbi kaɗai ke ciyar da shi. Ba su da yawa, kuma sanannu ne. GTX 750 Ti na 2014 yana cin wat 60, ya nuna cewa ana iya yin wasa na gaske ba tare da ƙarin waya ba, amma ma'ajinsa na gigabait 2 ya yi kaɗan a yau. GTX 1050 Ti ya fito a 2016 a kan dala 139, da gigabait 4 da wat 75. GTX 1650 ya biyo baya a 2019 a kan dala 149, cin wutarsu ɗaya amma ya fi shi sauri sosai. Na baya-bayan nan a cikinsu shi ne RTX 3050 mai gigabait 6 na 2024, mai cin wat 70. Dukansu akwai gajerun zubinsu na siririyar kwamfuta. Sai dai a duba da ido, domin wasu kamfanonin sun fitar da 1050 Ti da 1650 masu neman waya mai baki 6, kuma RTX 3050 mai gigabait 8 wani kati ne daban da ba ya tashi sai da ƙarin waya. Nvidia na ba da shawarar fawa-fak mai wat 300 ga 1050 Ti da 1650, amma lissafin bai da wuya: i5-4570 wat 84, kati 75, sauran kayan ciki 'yan gomomi. Mutane da yawa sun shekara suna amfani da su a kan wat 290 da ma ƙasa da haka, matuƙar fawa-fak ɗin na asali ne kuma lafiyarsa ƙalau.

Akwai katunan da ke da arha da kyan kwali amma ba su cancanci kuɗin ba. GT 710 kusan bai fi HD 4600 da ke cikin furosesa ba, amfaninsa kawai ƙara bakin monita. GT 1030 kuwa kashi biyu ne da suna ɗaya. Na asali na 2017 yana da ma'aji irin GDDR5, amma a 2018 aka fito da wani mai DDR4 wanda saurin ma'ajinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wancan, kuma sai mai lura ne zai ga bambancin a jikin kwali. Ko na asalin ma ba shi da NVENC, don haka bai dace da mai bidiyo ba. Radeon RX 6400 na 2022 yana cin wat 53 kacal, siriri ne, yana shiga inda wasu ba sa shiga, amma layuka huɗu kawai yake amfani da su na gurbin, an kuma tsara shi ne don PCI Express 4.0. A tsohon gurbi saurin hanyarsa na raguwa da rabi, sannan ba shi da sashen fitar da bidiyo ko kaɗan. Katunan Intel Arc su ma suna bukatar wani tsari mai suna Resizable BAR kafin su nuna ƙarfinsu, tsofaffin injuna kuwa ba su da shi.

Sai maganar jabu, wadda ta fi ciwo domin yawanci mai ƙaramin ƙarfi take faɗa wa. Shekaru da dama ana ɗaukar tsofaffin katuna irin GTS 450 na 2010, a sauya musu bayanin da ke cikinsu, a lulluɓe su da sabuwar roba, a sayar da sunan GTX 1050 Ti. Windows zai nuna sunan ƙarya, ya ce gigabait 4 ne alhali ɗaya ne, kuma da zarar wasa ya nemi fiye da abin da ke akwai sai komai ya rushe. Alama mafi sauƙi ita ce shuɗin bakin VGA: jerin GTX 10 na gaskiya sun daina fitar da hoto ta tsohuwar hanyar da VGA ke bi, don haka 1050 Ti mai wannan baki abin tuhuma ne. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce kuma ƙarama, tana nuna ainihin ƙwaƙwalwar da ke cikin kati, tana ma yi wa jabu da yawa tambari. Akwai kuma katunan da suka yi aikin haƙar kuɗin intanet. Da Ethereum, ɗaya daga irin waɗannan kuɗaɗe, ya daina amfani da katin hoto a ranar 15 ga Satumba 2022, dubban katuna da suka shekara suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji. Mai saye na da haƙƙin ya ce a soka katin a gabansa, a kunna wasa ko manhajar gwaji irin FurMark na kwatan awa, ya ga ko allo zai yi ɗige-ɗige ko layuka, ya saurari ƙarar fanka. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwaji ko bai ba da 'yan kwanakin garanti ba, gara a wuce zuwa shagon gaba.

Ko da an samu wuri da wuta, babban kati ba ya nuna kansa a kan tsohuwar furosesa. Ita ce ke shirya masa aiki, idan ta gaza sai ya zauna jira, kuɗin da aka kashe a kansa ya tafi a banza. Core i5 ko i7 na zubi na uku da na huɗu suna tafiya daidai da GTX 1650, suna iya jan abin da ya ɗan fi shi, amma ba fiye da haka sosai ba. Core 2 Duo kuwa lokacinta ya wuce. Kuma idan kwamfutar na da RAM gigabait 4 ne da tsohon faifai mai juyawa, a fara da su. SSD da RAM gigabait 16 sun fi kati arha, kuma su ne ke maganin jinkirin kunnuwa da na buɗe manhaja, abin da kati ba zai taɓa gyarawa ba. Mai aikin CorelDRAW da buga katin gayyata ma wataƙila iyakar abin da yake bukata ke nan.

Sa katin kansa aikin minti goma ne. Kafin a fara, yana da kyau a sabunta BIOS daga shafin kamfanin, domin wasu sababbin katuna ba sa nuna hoto a kan tsohon BIOS, a kuma yi hakan lokacin da aka tabbata wuta ba za ta ɗauke ba. A kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin ragowar wuta ta fita. A taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kati, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke sa jiki tara wutar da ke iya kashe ƙananan sassa. A cire marfin ƙarfe na baya, a daidaita katin a kan dogon gurbi, a danna har maƙallin ya kama.

Daga nan sai kuskuren da ya fi kowanne yawa: a mayar da wayar monita tsohon bakinta. Dole ta koma jikin sabon katin, in ba haka ba allo ya zauna baƙi, ko kwamfuta ta ci gaba da amfani da tsohon sashen Intel, mai ita yana mamakin rashin canji. Wanda monitarsa VGA kaɗai gare ta zai nemi 'yar na'urar da ke juya HDMI ko DisplayPort zuwa VGA. Manhajar direba kuma a sauko da ita daga shafin Nvidia ko AMD kai tsaye. Tana da nauyi, ɗaruruwan megabait, sai a tanadi data. Idan da akwai wani kati a baya, manhajar DDU na share ragowar tsohon direba.

Katin da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Turai zai zo ya tarar da bazarar Kano ko Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya shi. Siririyar kwamfuta ba ta da yalwar iska tun asali. GPU-Z na nuna zafin kati, kuma idan yana zama sama da digiri 80 a lokacin aiki, katin zai fara rage gudu don ya kare kansa. Hure ƙura da abin busa iska lokaci-lokaci, da ɗaga akwatin daga ƙasa, da barin sarari a bayansa, suna rage matsalar ƙwarai. Ƙarin wat 75 kuma yana shiga lissafin mai sola ko inbata, kuma ƙaramin UPS mai lamba 650VA, wanda ainihin abin da yake bayarwa bai kai wat 400 ba, zai riƙe kwamfutar na ɗan lokaci ƙasa da yadda ya saba. Wannan ma wani dalili ne na fifita kati mai ƙarancin ci a ƙasar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa.

Akwai iyakar da kati ba zai ƙetare ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance yana neman furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, abin da ya bar 7010 da 9020 da takwarorinsu a waje. Nvidia ita ma ta sanar da cewa daga Oktoba 2025 ta daina fitar da sababbin direbobin wasanni ga dangin GTX 750 Ti da 1050 Ti, sai gyaran tsaro kawai har zuwa 2028, yayin da GTX 1650 da RTX 3050 ke ci gaba da samun cikakken tallafi. Don haka wanda ke da zaɓi tsakanin 1050 Ti da 1650, kuma ratar farashin ba ta da yawa, na biyun ya fi masa. Zai yi masa aiki a tsohuwar kwamfutar yanzu, kuma ranar da ya samu halin sayen OptiPlex 7060 ko wata mai furosesa ta zubi na takwas, zare katin kawai zai yi ya soka a sabuwar, muddin ya sake auna wuri ya kuma karanta takardar da ke jikin fawa-fak ɗinta.